LAUSHIN NIƘA: YADDA AKE AUNA SHI A MASANA'ANTA, DA ABIN DA YA SHAFI MANOMI DA MAKIYAYI

Kowace mace ta karkara ta san gari mai kyau. In yaro ya komo daga inji da ƙwaryar gari, ba ta tambayar minti nawa injin ya yi yana kuka. Sai ta ɗebo kaɗan ta murza tsakanin yatsu. In ta ji tsaki, ta ɗauko rariya ta tankaɗe. Abin da ya wuce shi ne gari. Abin da ya tsaya bisa rariya sai a mai da shi turmi. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Akwai wani niƙan da manomi ba ya gani, amma yana biyan kuɗinsa kowace shekara. Shi ne wanda ake yi cikin manyan masana'antu na ƙasashen waje. Maganin feshi mai kauri kamar nono, da jan maganin da ake cuɗa iri da shi, da farin maganin tsutsar ciki da ake ɗura wa bisashe, da fentin amalanke, da tawadar jarida, duk sai an niƙa su kafin a zuba su cikin kwalba ko gwangwani. In niƙan ya yi laushi, kaya sun yi aiki. In an bar tsaki a ciki, famfon feshi ya toshe, magani ya kwanta a gindin kwalba, kuɗin talaka su tafi a banza. Shi ya sa masana'anta ta kirki ba ta sakin kaya sai ta auna laushinsu.

ME YA SA AKE NIƘA MAGANI?

Abubuwa iri biyu ne. Akwai masu narkewa cikin ruwa, kamar gishiri da sukari. Akwai waɗanda ba su narkewa, kamar toka da garin hatsi. Magunguna da yawa suna cikin kashi na biyu. Ko an kwana ana motsa su ba su narkewa. Dabarar da ta rage ita ce a niƙa su ƙwarai, har ƙwayoyinsu su riƙa yawo cikin ruwa ba su nutse da wuri ba.

Mai shan hura ya san wannan. In aka dama hura aka ajiye, tsakin shi ne yake fara kwantawa, garin mai laushi ya daɗe yana bisa. Masana sun auna abin. Sun gano cewa ƙwayar da ta fi ƴar'uwarta faɗi sau 2 tana riga ta nutsewa sau 4. Wadda ta fi ta faɗi sau 10 tana nutsewa da sauri sau 100. Ke nan tsaki kaɗan ya isa ya raba magani da ruwansa.

Akwai dalili na biyu. In aka farfasa ƙwaya ɗaya, kowane ɓari ya koma kashi ɗaya cikin 10 na faɗinta, za a samu ƙwaya 1000. Nauyin maganin bai ƙaru ba, amma wurin da zai rufe bisa ganye ya ƙaru sau 10. Tiyar iri da aka juye wuri ɗaya ba ta cika gona. Wadda aka rarraba rami-rami ita ce take cikawa. Ƙaramin ƙwaron da yake shan ganyen albasa a Galmi, ko tsutsar da take shiga furen wake, sai sun taka magani ko sun ci shi kafin ya kama su. In maganin yana zaune dunƙule nan da can, ƙwaro ya bi tsakani ya wuce lafiya.

MA'AUNIN DA IDO BA YA GANI

An ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A wannan aiki kimar ido ba ta isa. Ma'aunin da ake aiki da shi ana kiran shi mikiron. A ɗauki mita ɗaya a raba ta 1000, kowane kashi shi ne milimita ɗaya. A sake raba milimita ɗin 1000, kowane kashi shi ne mikiron ɗaya.

Ƙwayar hatsi ta kai milimita 2, wato mikiron 2000. Garin tuwo yana da ƙwayoyi masu ɗaruruwan mikiron. Kaurin silin gashin kai yana tsakanin mikiron 50 da 100. Abin da bai kai mikiron 40 ba, da wuya ido ya rarrabe shi. Shi kuwa maganin feshi mai kauri, yawancin ƙwayoyinsa ba su wuce mikiron 5 ba. Ke nan sai an jera goma ko ashirin kafin su kai kaurin gashi guda. Ba turmi, ba dutsen niƙa, ba injin gari da zai iya kai abu ga wannan laushi.

INJI MAI ƳAN DUWATSU

Injin da yake wannan aiki markaɗe yake yi, ba niƙan busasshen gari ba. Da farko ana dama garin maganin da ruwa ya zama ƙullu, kamar ƙullun ƙosai. Sannan famfo ya tura ƙullun cikin wata ganga ta ƙarfe, rufaffiya, wadda yawanci a kwance take.

Cikin gangar an zuba ƴan duwatsu mulmulallu, masu kama da ƙananan duwatsun da mata suke shiryawa a zare. Suna cika kusan kashi 8 cikin 10 na cikinta. Wasu na gilashi ne, wasu na ƙarfe, wasu na wata farar ƙasa gasasshiya mai tsananin tauri da ake kira zirkoniya. Zirkoniya ta fi gilashi nauyi fiye da sau 2, shi ya sa dukanta ya fi ƙarfi. Girman duwatsun yakan kama daga milimita 2 zuwa ƙasa da rabin milimita.

A tsakiyar gangar akwai sandar ƙarfe mai fayafayai, kamar maburgi babba. In an tada inji, bakin fayafayan yana gudun mita 10 ko fiye cikin sakan ɗaya, wato gudun babur bisa hanyar ƙauye. Duwatsun sai su rikice, suna karo da juna, suna gogar juna. Duk ƙwayar maganin da ta faɗa tsakanin dutse biyu sai ta fashe. A bakin fita akwai rariya ta ƙarfe: ƙullu ya wuce, duwatsu su tsaya. Da yake gogayya tana kawo zafi, ana zagaya gangar da ruwan sanyi.

Asalin wannan inji daga Amurka ne. Wajen shekara ta 1950 kamfanin DuPont ya fito da shi domin niƙa launin fenti. A lokacin yashi ne ake zubawa a ciki, wani tsabtataccen yashi mai mulmulallun ƙwayoyi da ake haƙowa a Ottawa ta jihar Ilinoi. Daga baya aka bar yashi aka koma ga duwatsun da aka ƙera musamman, aka kuma rufe gangar.

Zaɓen duwatsu shi ne rabin aikin. In aka rage faɗin dutse da rabi, gangar za ta ɗauki duwatsu ninki 8, wuraren karo su yawaita, niƙa ya fi laushi. Amma ƙaramin dutse ba shi da nauyin fasa babban tsaki. Don haka ake fara rage ƙullun kafin a kai shi ga ƙananan duwatsu. Ko a gida ba a kai hatsi ga rariya sai an surfa an daka.

Fasawa kaɗai ba ta gama aiki. Ƙananan ƙwayoyi suna son komawa su manne da juna. Sai an sa musu wani sinadari da zai lulluɓe kowace ƙwaya ya raba ta da ƴar'uwarta. Almajirai sun san wannan tun zamanin kakanni. Baƙin tukunya ko garin gawayi cikin ruwa zalla ba ya zama tawada, kwantawa yake yi. Sai an sa ƙaro sannan baƙin ya zauna cikin ruwan, ya kama allo. Aikin da ƙaro yake yi wa tawadar allo shi ne wannan sinadari yake yi wa magani da fenti.

GWAJI NA FARKO: ALLON ƘARFE

Ma'aikacin da yake tsaye gaban inji yana da wani ɗan allo na ƙarfe, tsawonsa kamar taki ɗaya, sumul kamar madubi. Ana kiran shi ma'aunin Hegman. An fafe masa kwari a tsawonsa, kamar kwarin da yake tsakanin kunya biyu. Kwarin yana da zurfi a gefe ɗaya, yana raguwa sannu sannu har ya ƙare a ɗaya gefen. A allon da aka fi aiki da shi, wuri mai zurfi mikiron 100 ne. An rubuta lambobi a gefe, daga 0 zuwa 8. Lamba 0 ita ce mikiron 100, lamba 4 mikiron 50, lamba 6 mikiron 25, lamba 8 kuwa ba zurfi ko kaɗan.

Ma'aikaci yana ɗiga ƙullu a gefe mai zurfi. Sai ya ɗauki wata wuƙa marar kaifi, mai miƙaƙƙen baki, ya share ƙullun da ja ɗaya har ƙarshen allo. Nan da nan, kafin ya bushe, ya ɗaga allon wajen haske ya duba shi a karkace. Inda kwarin yake da zurfi ƙullun yana kwance sumul. Inda zurfin ya kasa girman tsaki, sai a ga ɗige-ɗige da zane-zane sun bayyana. Lambar da take daidai wurin ita ce shaidar niƙan.

Abin kamar tabki ne in ya fara janyewa bayan damana. Manyan duwatsu su ne suke fara fitowa fili, ƙanana suna ƙarƙashin ruwa tukuna. Allon Hegman ba ya faɗin girman dukan ƙwayoyi. Manya kaɗai yake tonawa. Amma su ne masu ɓarna: su suke toshe famfo, su suke sa fenti ya yi kaushi, su suke cin ƙarfen injin buga jarida. Gwajin ba ya cin minti ɗaya, kuma akwai ƙa'idar duniya da ta tsara yadda ake yin shi, mai lamba ISO 1524, domin awon wata ƙasa ya yi daidai da na wata. Masu fenti da masu tawada sun fi kowa dogara da shi.

GWAJI NA BIYU: RARIYA

Wannan shi ne tankaɗen mata, sai dai da ruwa ake yin shi. Ana auna magani a sikeli, a dama shi, a zuba bisa rariya mai idanu na mikiron 75, a riƙa kwarara ruwa har abin da zai wuce ya wuce. Abin da ya tsaya a busar da shi a auna. Hukumar abinci da noma ta duniya, FAO, da hukumar lafiya ta duniya, OMS, suna fitar da ƙa'idodin magungunan ƙwari. A yawancinsu abin da ya tsaya bisa wannan rariya bai kamata ya wuce kashi 2 cikin 100 ba. Ana yi wa maganin ruwa mai kauri wannan gwaji, ana kuma yi wa na gari wanda ake damawa.

Dalili a fili yake. Idon bakin famfon feshi ɗan ƙarami ne, kamar milimita ɗaya, kuma akwai ƴar rariya a bayansa. Tsaki ba ya wucewa shi kaɗai, taruwa yake yi har ya rufe hanya.

GWAJI NA UKU: KWALBAR AWO

Ana dama magani da ruwa daidai yadda manomi zai dama shi. A zuba cikin doguwar kwalba mai cin rubu'in lita, a toshe, a juya ta sama da ƙasa sau 30, a ajiye ta minti 30 ba mai taɓawa. Sannan a zuƙe kashi 9 cikin 10 na sama da ƴar tiyo. Kashi ɗayan da ya rage a gindi shi ake bincikawa, a ga yawan maganin da ya sauka. In niƙa ya yi kyau, mafi yawan maganin yana nan yana yawo cikin ruwa. Yawanci ana neman aƙalla kashi 60 cikin 100, kuma magani mai kyau yakan wuce haka da nisa.

Minti 30 ɗin nan suna da muhimmanci ga manomi. Kusan lokacin da manomi yake yi ke nan yana zagaya fili da famfo a bayansa. In magani ya sauka kafin ya gama, layukan farko su sha da yawa har ganye ya ƙone, layukan ƙarshe su sha ruwa zalla.

GWAJI NA HUƊU: MADUBI DA HASKE

A ɗakin bincike ana sa ɗigon ƙullu ƙarƙashin madubin likita, irin wanda ake duba jini da shi. A nan ake ganin ko ƙwayoyin a rarrabe suke ko sun dunƙule, ko kuwa akwai ɓarin dutsen inji a ciki.

Akwai kuma na'ura mai aiki da haske. Kowa ya taɓa ganin ƙura tana walƙiya cikin hasken rana da ya shigo ɗaki ta ƴar huda. Na'urar tana harba siririn haske cikin ruwan da aka ɗiga wa ƙullu. Ƙananan ƙwayoyi suna watsa hasken da faɗi, manya suna watsa shi kaɗan. Daga nan kwamfuta take lissafa girman dubban ƙwayoyi cikin ɗan lokaci.

Lamba biyu ake dubawa. Ta farko ita ce girman tsakiya: rabin maganin ya fi shi laushi, rabi ya fi shi kaushi. Ta biyu ita ce girman da kashi 9 cikin 10 na maganin bai kai ba. Ma'aikacin kirki ba ya tsayawa ga ta farko. Tiya biyu ta gari suna iya zama daidai a tsakiya, amma ɗaya duk laushinta ɗaya ne, ɗayar kuwa rabi ƙura ce rabi tsaki. Tuwonsu ba zai zo ɗaya ba.

GWAJI NA BIYAR: ƊAKIN ZAFI

Magani yana iya cin duk waɗannan gwaje-gwaje ranar da aka yi shi, ya lalace bayan wata shida. Zafi yana sa ƙananan ƙwayoyi su koma jikin manya, manyan su ƙara girma. Domin a san abin da zai faru, ana rufe samfuri cikin akwati mai zafin digiri 54 har kwana 14. An ɗauka wannan ya yi daidai da ajiyar kusan shekara 2 a ɗaki. Bayan an fitar da shi sai a sake yi masa gwajin rariya da na kwalba.

Mutanen Nijar su lura da wannan lamba. A watan Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40 a inuwa. Kwalbar da aka shanya bisa tabarma a kasuwa, ko aka ajiye ƙarƙashin rufin kwano, tana iya kai zafin akwatin nan. Kwana 14 kawai ake yi mata a masana'anta; a kasuwa kuwa sai ta yi bazara guda.

NIƘA MA YANA WUCE KIMA

Kada mai karatu ya ɗauka duk yadda aka daɗe ana niƙa, haka kaya suke ƙara kyau. In laushi ya wuce kima, ƙullun yana yin kauri har ya ƙi zubowa. Zafi yana ƙaruwa, wani magani kuma zafi yana kashe shi. Kuɗin wuta suna ƙaruwa. Duwatsun da kansu suna cinyewa, garinsu ya shiga cikin kaya. In na ƙarfe ne, farin fenti sai ya yi duhu. Masu inji a ƙauye sun san haka: faranti in ya cinye, cikin garin mutane ya tafi. Kamar yadda ake kuɗa dutsen niƙa in ya yi santsi, haka ake fitar da ƴan duwatsun lokaci lokaci, a tankaɗe su, a zubar da waɗanda suka ƙanƙance ko suka fashe, a ƙara sababbi.

A ƙasar nan ma an ga misali da dutsen fosfat na jihar Tahoua, wanda aka niƙa domin takin gona. Sai ya yi laushi ƙwarai ƙasa take iya cin shi. Amma garin mai laushi yana da wuyar watsawa, don iska tana kwashe shi. Kowane aiki da laushin da ya dace da shi. Shi ya sa ake ɗebo samfuri lokaci lokaci ana aunawa, da an kai lambar da ake nema a kashe inji. Ana rubuta sakamakon a littafi, a ba wannan dami na kaya lamba, a buga lambar a jikin kowace kwalba, a kuma ajiye kwalba ɗaya domin shaida.

ABIN DA MANOMI ZAI IYA YI

Manomi ba shi da allon Hegman, amma yana da ido, kuma yanzu ya iya karatu.

Ya fara da takardar jikin kwalba. Bayan sunan magani akwai baƙaƙe biyu. SC shi ne mai kauri, wanda aka markaɗa cikin ruwa. FS irinsa ne, amma na cuɗa iri. WP gari ne da ake damawa. EC kuwa ba niƙa shi aka yi ba, narkar da shi aka yi cikin wani mai, shi ya sa yake garau cikin kwalba, ya koma fari in ya haɗu da ruwa. Ya duba ranar da aka yi maganin, da lambar damin kaya wadda ake rubuta Lot a gabanta. Ya nemi lambar yarda ta CSP, kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari. Maganin da aka ɗura cikin kwalbar ruwan sha, ba suna ba lamba, ba wanda ya san ko an taɓa gwada shi. Araha ba ta ado.

Sannan ya girgiza kwalbar tana rufe. Ɗan ruwa ya taso sama ba laifi ba ne, muddin komai ya haɗe bayan girgiza. In kuwa an girgiza an juya, gindin yana nan daskare kamar laka busasshiya, ƙarfin maganin yana cikin daskararren nan, abin da zai zubo ruwa ne. Kada ya saya.

Ranar feshi ya fara dama magani da ruwa kaɗan cikin bokitin da aka ware domin wannan aiki, da sanda, ba da hannu ba. Ya zuba ta rariyar bakin tanki, kada ya cire ta don sauri. In ya ga gudaji ko tsaki sun taru bisa rariya, ya ajiye kwalbar ya kai wa malamin gona, tare da lambarta. Ruwan ma ya zama mai tsabta. In na tabki ne a tace shi da ƙyalle, domin ba kowace toshewa ce laifin masana'anta ba. Yana tafiya yana ɗan girgiza tankin. In ya tsaya hutawa, ya girgiza kafin ya ci gaba. Kada a kwana da damammen magani cikin tanki.

In bakin famfo ya toshe, kada ya hura da baki, kada ya soka ƙusa ko waya. Hurawa tana kai guba ciki, ƙusa kuma tana faɗaɗa idon har feshi ya lalace. A kwance shi, a wanke da ruwa da ɗan tsinke mai taushi, hannu cikin safa ko leda.

Abu ɗaya ne ba a kwaikwayon mata da shi. Gari ake murzawa da yatsu, a taɓa a harshe. Maganin ƙwari guba ne: ba a murza shi, ba a sansana shi, ba a ɗanɗana shi.

GA MAKIYAYI

Farin maganin tsutsar ciki da ake ɗura wa awaki da tumaki da shanu, irin su albandazol, ba ya narkewa cikin ruwa. Ƙananan ƙwayoyi ne suke yawo a ciki. Shi ya sa ake rubuta Agiter avant emploi a jikinsa da Faransanci, ko Shake well a wanda ya fito Nijeriya. Ma'anar duka ita ce a girgiza kafin a yi aiki da shi.

In ba a girgiza ba, dabbobin farko su sha ruwan sama wanda ba ƙarfi, na ƙarshe su sha kaurin gindi wanda ya wuce kima. Wadda ta sha kaɗan ba ta warke ba. Abin da ya fi muni, tsutsar da ta tsira ita take haihuwa, har a wayi gari maganin ba ya kama tsutsar garken. Don haka a girgiza da farko, a sake girgizawa bayan kowace dabba kaɗan. Allurar da take fara kamar nono, irin ta fenisilin, ita ma haka. Kwalbar da ta ƙi haɗewa, ko aka ga gudaji a cikinta, a mai da ita ga malamin dabbobi. A ajiye magani a inuwa, nesa da rana da murhu da hannun yara.

Masana'anta tana auna laushin kayanta kafin su fito. Daga nan har zuwa gona da garke, tsaron ya koma hannun ɗan kasuwa da mai saye. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa maƙwabcinsa da bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna, a kuma tattauna shi a dandali kafin sayen maganin bana. Allah ya kawo damana mai albarka, ya kiyaye amfanin gona da bisashe.